Zan kai Mama Pamukkale, ƙafarta za ta iya kuwa?

'Yar Auta:
Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zuwa Pamukkale a Turkiyya. A watan Oktoba, in Allah Ya kai mu, zan raka mahaifiyata Istanbul. Tun da ta ga hoton farin tudun nan mai ruwa take cewa sai ta tsoma ƙafa a ciki. Shekarunta 67, tana fama da ciwon gwiwa, da sanda take tafiya. Na ji an ce sai an cire takalmi ake hawa, shi ne abin da ya tsaya mini a rai. Kuma kufan tsohon birnin da ke sama, ya kai a wahalar da ita a kansa, ko mu ga ruwan kawai mu juyo?

Baban Sadik:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Mama lafiya. Za ta iya, amma kada ku shiga ta ƙofar ƙasa, wadda ke cikin gari. Ta nan na bi, ni da nake da ƙarfina, sai da na ji a jikina. Tun daga gindin tudun za a ce ki riƙe takalminki a hannu. Dutsen kuwa ba laushi gare shi ba kamar yadda hoto ke nunawa. Ma'anar sunan ita ce "fadar auduga", amma ƙasan gargada ne, ƙananan layuka masu kaifi da ke cizon tafin ƙafa. Inda ruwa ya kwanta kuma akwai farar laka mai santsi. A nan na zame na dafa da hannu, wuyan hannuna ya kwana biyu yana ciwo.

Ku ɗauki mota daga Denizli, babban birnin da ke kusa da wurin, kimanin kilomita 20 ne, ta sauke ku a ƙofar kudu. Ta nan a saman tudun za ku faɗo. A bakin farin dutsen akwai magudanar da ruwan ɗumi ke gudu a ciki, mutane na zama a gefenta su zura ƙafa. Wannan ya ishi Mama, ba sai ta gangara ba. Ku tafi da baƙin tabarau, hasken wurin yana kashe ido.

Maganar kufai kuwa, ina roƙonki kada ku wuce shi. Hiyerapolis sunansa, sarakunan tsohuwar daular Pergamon suka kafa shi a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma ruwan nan ne ya tara mutane a wurin. Marasa lafiya daga nesa suke zuwa neman sauƙi, wasu su warke su koma, wasu ajali ya riske su a can. Na shiga maƙabartar da ke wajen ƙofar arewa, kaburburan dutse sun haura 1,200, wani ma farin dutsen ya bi shi ya haɗiye rabinsa. Na daɗe a tsaye a gabansa. Ruwan da muke rububin ɗaukar hoto a ciki, shi suka zo nema su ma, da irin ciwon da ya kawo iyayenmu.

Dandalin wasan Rumawa yana kan gangare, hawan ba na Mama ba ne. Ke ki hau, ki bar ta a inuwa.

Anti Talatu:
Ƙanwata, abin da Baban Sadik ya faɗa haka yake. Ni wurin wankan da ake kira tafkin Kiliyopatira zan yi miki magana a kai. Ɗuminsa kamar digiri 36 ne, daidai jikin mutum, kuma in kin ɗan jima sai ki ga ƙananan kumfa sun lulluɓe fatar hannunki. A ƙasan ruwan akwai ginshiƙan marmara da girgizar ƙasa ta zubar tun ƙarni na 7. Kyau dai akwai, sai dai suna da santsi, kuma mutum ba ya ganin inda zai bugi ƙwauri. In Mama za ta shiga, ki riƙe ta a wurin da ba zurfi. In tana da hawan jini ku fara tambayar likitanta.

Kusa da nan akwai wani kogo da mutanen can baya suka ɗauka ƙofar lahira ce, don dabbar da aka kai bakinsa faɗuwa take ta mutu. Iskar kabon dayoksaid ce ke fitowa daga ƙasa ta kwanta ƙasa-ƙasa saboda nauyinta. An killace shi, daga nesa ake kallo.

'Yar Auta:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa Mama, da na zo kan maƙabartar sai ta yi shiru, can ta ce lallai a kai ta ta gani. Anti, kwana ɗaya zai ishe mu?

Anti Talatu:
Da ƙafar Mama, ku yi biyu. Ku kwana a Karahayit, ba nisa, can ma akwai ruwan zafi, nasu ja ne saboda ƙarfen da ke cikinsa. Maƙabartar ku je mata da sassafe ta ƙofar arewa, kafin rana ta buɗe, don wurin ba inuwa.