Taƙaitaccen bayani kan cire murfin ƙarfe na tsohuwar furosesa

Ga abin da 'yan'uwa masu gyaran kwamfuta a Computer Village da ke Ikeja suka tattauna kan cire murfin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, don rage mata zafi:

1. Kusan kowa ya yarda cewa aikin yana da amfani ne ga furosesar Intel ta Ivy Bridge ta 2012 da Haswell ta 2013, irin su i7-3770K da i7-4770K, domin man sanyaya ne tsakanin murfin da ƙwayar furosesar da ke ƙarƙashinsa, kuma idan ya bushe da shekaru zafi yakan maƙale a ciki. Ita kuwa Sandy Bridge ta 2011 da dalma aka liƙe murfinta, don haka ɓamɓare shi yana iya fasa ƙwayar.

2. An rabu kan hanyar cirewa. Wasu sun tsaya kan reza saboda arha, amma mafi yawa sun fi son kayan aikin da aka ƙera don haka, domin reza takan yanki layukan lantarki da ke jikin allon furosesar.

3. Ruwan ƙarfe, wanda ake shafawa a kan ƙwayar a madadin man sanyaya bayan an cire murfin, ya fi man rage zafi, sai dai yana ɗaukar lantarki, kuma sinadarin galiyom da ke cikinsa yana cin alminiyom. A Haswell, a shafe ƙananan sassan da ke gefen ƙwayar da jan farce tukuna, don kada ruwan ƙarfen ya taɓa su.

4. Wasu dattawan sana'ar sun ce a zafin Legas kafin a cire murfin a fara share ƙurar fanka da sauya man waje, wato man sanyayan da ke saman murfin, kuma a ganina sun fi kusa da gaskiya. Haka nan kada a taɓa furosesar abokin ciniki sai an sanar da shi haɗarin.