Abin da muka tsinta daga tashen Jordan Spieth

To jama'a ga shawarwarin da na tattara daga hirar da muka sha kan Jordan Spieth, ɗan wasan golf ɗin nan na Texas a Amurka da ya ci babbar gasar Masters a 2015 yana ɗan shekara 21, wata biyu bayan haka ya ƙara da wata babbar gasar, US Open, kowa ya ce ai magajin gwarzon golf Tiger Woods ya iso.

Abin da aka fi nanatawa shi ne mai koyon golf ya fi ba ƙaramin bugu lokaci, wato na tura ƙwallo cikin rami, don a lokacin tashensa Spieth ba shi ne mafi dogon bugu ba amma kusa da rami hannunsa baya rawa. Wani dattijo cikinmu ya ce awa ɗaya a bakin rami ta fi awa uku ana dukan ƙwallo da ƙarfi, kuma wallahi na yarda da shi.

Sai maganar rami na 12 a Augusta, filin da ake buga Masters, a gasar 2016, wadda har yanzu take min ciwo. Spieth yana gaba da tazarar bugu 5 saura ramuka 9, amma da ya zo rami na 12 ya jefa ƙwallo ruwa sau biyu, ya yi bugu 7 a ramin da ake sa ran gamawa da bugu 3, Danny Willett ya ɗauke kofin. Nan aka ce in kana gaba ka nufi tsakiyar fili kawai, kar ka bi tutar da ke nuna inda rami yake.

Wasu suka ƙara da cewa a daina saurin haɗa yara da Tiger, nauyin ya yi musu yawa. Spieth dai ya dawo ya ci babbar gasar Open ta Birtaniya a filin Birkdale a 2017.