Yanzu kuma rogo suka koma wa

Ɗan Kachiya: Jama'a, raina a ɓace yake. An gama da wake da masara, yanzu rogo aka koma wa. A cibiyar bincike ta Umudike a jihar Abiya ana gwajin rogon da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, wai don ƙara masa sinadarin ƙarfe da zinki, kuɗin kuma daga Amurka yake zuwa. Babu ƙasar da ta kai Najeriya noman rogo a duniya, wa ya kai musu kuka? A bar mana rogonmu na gargajiya. Kullum ni kaɗai ke magana a nan.

Malamin Samaru: Ɗan'uwa, wane gargajiya? 'Yan Fotugal ne suka kawo rogo daga Brazil a ƙarni na 16. Irin rogon nan TME 419 da kuke rububin itacensa ma ta hannun IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, ya bazu.

Maman Ummi: Malam, abin da kakata ta dafa ta sayar a ƙofar gida da yaji da ƙuli-ƙuli, ni a wurina gargajiya ne. Wane ɗan Fotugal ya koya mana ɗanwake da garin alabo?

Malamin Samaru: Hajiya, girkin namu ne, ba musu. Asalin tsiron nake faɗa.

Baban Gaya: In haka ne ai masara da gyaɗa da tumatur duk baƙi ne. Mu nan Gaya ba mu taɓa tambayar rogo takardar haihuwa ba.

Ɗan Kachiya: Ba abin da na ce ke nan ba. Ku dubi garin kwaki mai ruwan ɗorawa da ya cika kasuwa.

Maman Ummi: Wannan manja ne, ɗana. Tun kafin a haife ka ake zuba shi wajen suya.

Injiniya: Akwai rogo mai ruwan ɗorawa da aka fitar a 2011 saboda bitamin A, amma ta hanyar auren iri aka samo shi. Kuma in tsoron kamfanonin iri kake yi, rogo itacensa ake yankawa a dasa, babu kamfanin da zai hana ka karyo na bara. A Kenya ma sai 2021 aka amince da rogon da aka sauya wa ƙwayoyin halitta don ya jure cutar da ke ruɓar da saiwa tun tana ƙasa.

Baban Gaya: Injiniya, kai kullum Kenya. Ka taɓa riƙe fartanya?

Injiniya: Baba, gonata tana nan, ka zo ka gani.

Ɗan Kachiya: Duk 'yan cibiyar binciken noma ta Samaru ne suka buɗe wannan ƙofa a 2019 da Sampea 20-T, waken da aka sauya wa ƙwayoyin halitta.

Malamin Samaru: Ka tambayi manomin da tsutsa ke cinye wa furen wake sau nawa yake feshi yanzu. Kuma ka daina jifan Samaru, ba sa'arka ba ce.

Maman Ummi: Ni dai ba a janye maganar kakata ba.

Shugaban zaure: To a tsaya nan. Abin da ya fito fili shi ne rogo baƙo ne, Malam ya kawo hujja, ba wanda ya iya karya ta. Ɗan Kachiya ya zo da zafi, ya kuma taɓa cibiyar da ta yi wa Arewa hidima, mu da muka yi karatu a Zariya mun san darajarta. Hajiya a yi haƙuri. Wanda ya sake zagin Samaru zan cire shi.