Direba a motar wani direba: yaushe ake shiru, yaushe ake magana?

Direban Zango: Salamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya motata ta kwana a gareji a Maraɗi, sai na roƙi wani abokin sana'a ya kawo ni Damagaram. Ya ba ni gidan gaba, ko dala bai karɓa ba. Tun daga Tasawa ƙafata ke laluben birkin da babu shi, don yadda yake shiga kwana ya ɗaga min hankali. Na kame bakina har muka iso tasha. Amma har yau zuciyata ba ta kwanta ba. Da wani abu ya faru, shirun nan nawa ladabi ne ko laifi? Ku gaya min yadda kuke yi.

Tsohon direba, Birni: Wa alaikumus salam ɗana. Abin da iyayen gidanmu suka koya mana shi ne: izini a bakin direba ake nemansa, ba a bakin kamasho ba. Ka gaishe shi, ka faɗi motar da kake ja, in ya ce babu wuri ka yi godiya ka koma baya. Wani yaro ya taɓa hawa tawa za mu Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Ba mu kai Agye ba ya fara "sa ta huɗu, Baba", "wuce shi mana", fasinja na ji. A Ƙonni, bayan mun yi salla, na ja shi gefe na ce ya koma kujerar baya. Ba gyaran ne ya ɓata min rai ba. Mutum saba'in sun miƙa min ransu, shi kuma yana sa musu shakka a kaina.

Mai hanyar Agadas: Baba, a gafarce ni, ni kam bakin baƙo ne ya cece ni. Da dare ne, mun wuce Tanut, fitilar wata babbar mota ta kashe min ido. Direban da na ɗauko ya daka tsawa: "Raƙumi!" Wallahi ban gan shi ba sai da na taka birki. Da ya tsaya kunyata, da yanzu wani labarin ake. Tun ranar, duk direban da ya zauna gefena nakan ce masa tun a tasha: in ka ga abu a kan hanya ka faɗa, sauran ka bar min.

Ɗan Damagaram, matuƙin jirgin sama: Iyayena, ku ba ni dama in sa baki, don mu ma muna da irin wannan. A ɗakin tuƙi akwai wata kujera mai naɗewa a bayan matuƙa biyu, inda matuƙin da ba ya kan aiki kan zauna. Kyaftin ne mai cewa e ko a'a, ko da baƙon ya girme shi a aiki. Ƙasa da ƙafa 10,000, wato lokacin tashi da sauka, ba a hira sam. Amma ana ba ka abin saurare ka sa a kunne, kuma ana so idonka ya yi aiki. Na taɓa zama a wurin, hasumiyar kula da jirage ta kira jirginmu, matuƙan biyu suna cikin lissafi ba su ji ba. Na ɗan jira, da aka sake kira na ce, "Kyaftin, kamar mu ake nema." Iyakar maganata ke nan har muka sauka, kuma ya gode min. A 1989 a Amurka, wani jirgin DC-10 ya rasa na'urorin sarrafa shi a sama. Denny Fitch, mai horar da matuƙa, yana cikin fasinja. Bai kutsa kai ba, aikawa ya yi cewa yana nan in ana bukata. Kyaftin ya kira shi, Fitch ya riƙe maƙurar injuna har filin jirgin garin Sioux City, inda jirgin ya faɗi wajen sauka. Cikin mutum 296, 184 sun rayu.

Aparanti, Sabon Gari: Ni roƙona ɗaya ne ga iyayen gidanmu. In kun hau motar maigidana, wurina nake ba ku in koma bakin ƙofa, kuma da farin ciki nake yi. Amma aiken shayi da sigari a kowane zango ya yi yawa, ga duba taya da ruwa na jirana. Sannan don Allah a daina barci a gidan gaba da dare. Minsharin baƙo na jawo wa maigida gyangyaɗi, na gani da idona tsakanin Gure da Maine.

Direban Zango: Na gode ƙwarai. Maganar barcin nan ta taɓa ni, ƙanena, don na yi shi ba sau ɗaya ba. Shi kuwa abokin nawa, gudun da yake yi a kwana ba raƙumi ba ne da zan daka masa tsawa, amma kuma ba zan iya haɗiye shi ba. Jibi zai kwana a Damagaram. Zan same shi wurin mai shayi, mu biyu kawai, in fara da godiyar ɗaukar da ya yi min. Baba na Birni, in kana kusa ka zo, zai fi jin maganar daga bakinka.