Baƙar funfuna ta ƙi barin bangon ɗakina, ina neman shawara

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ku taimaka min, abin nan ya kai ni maƙura.

Wata uku ke nan da na janye kabad ɗin kaya daga jikin bango, sai na tarar da baƙar funfuna ta mamaye kusurwar, daga ƙasa har kusan gwiwata. Bangon nan shi ya raba ɗakin kwana da banɗaki. In ka dafa shi sanyi ƙalau, fentin ya kumbura yana ɓarewa, ɗakin kuma wari yake kamar an manta jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin gado.

Na sa safar hannu da takunkumi na goge da bilic, wurin ya yi fes, bayan mako biyu ta dawo. Na gwada ruwan khal a wata rana dabam, don na san haɗa shi da bilic yana fitar da iska mai guba. Shi ma haka. Kuskurena kuwa, na shafa sabon fenti a kai, yanzu ta huda ta fito ɗigo-ɗigo.

Abin da ya fi tayar min da hankali ƙaramar 'yata ce, tana da asma, tarinta ya ƙaru da dare. Na mayar da ita falo.

Na gane in ba a tsayar da danshin ba aikin banza nake yi. To ta yaya zan gane ko bututu ne ke yoyo cikin bango ko ruwa ne ke tasowa daga ƙasa, ba tare da na fasa ba? Kuma dole ne a kankare filastar gaba ɗaya?