Gaban 504 ɗina ya durƙusa bayan sauya inji: wane sifirin kuka sa?

Mai 504, Jega:
Salamu alaikum. Motar mahaifina ce, Peugeot 504 salun, haɗin Kaduna, na gaje ta. Injinta na fetur mai lita 2 ya gama, aka samo mini na dizal 2.3 na Peugeot ta wajen Kamba, aka ɗora. Inji lafiya lau. Amma gaban motar ya durƙusa kamar raƙumin da za a ɗora wa kaya. In na karya kwana taya na gogar madigadi, in na faɗa rami sai in ji ƙum har cikin haƙorana. Wani ya ce in sa sifirin ɗin a-kori-kura, wani ya ce in cusa roba a ƙarƙashi kawai. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka mini da abin da ya gani.

Tsohon direba, Yawuri:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka. Na a-kori-kura dai ni na sa da hannuna, a 504 Family ɗin da nike lodi da ita Yawuri zuwa Sakkwato. Ran da anka sa, murna ta cika ni, mota ta miƙe tana ɗaga hanci. Da munka hau hanyar Koko sai labari ya sake. Gaban ya bar shanye gargada, tsalle kawai yake, sitiyari na rawa a hannu. Wata tsohuwa a baya ta ce, direba, mota ce wagga ko jaki? Da dare kuma fitila sama take haskawa, masu tahowa suna ta yi mini wuta. Wata huɗu na jure na cire.

Ɗan Kalgo:
Ni tambayata daban: me ya kai ka ga dizal a wannan zamanin?

Mai 504, Jega:
Shi na samu da lafiyarsa a kuɗin da nake da shi, Malam. Kuma ya zauna a mazauninsa ba a sha yanke-yanke ba. Baba na gode, na soke maganar a-kori-kura.

Bakanike, Birnin Kebbi:
Kada ka yi saurin sokewa ko saye, Alhaji. Baba gaskiya ya faɗa, amma ba ka san ciwon ba tukuna. Shekaruna sama da ashirin a ƙarƙashin waɗannan motoci, kuma yawancin masu kawo mini irin taka, injin kawai suke zargi. E, na dizal ya fi nauyi, ƙarfensa ya fi kauri, ga babban batir da yake buƙata, wani lokaci har da babban lagireto. Amma sifirin ɗin da ya yi shekara talatin ko arba'in yana ɗauke da mota ya riga ya gaji tun kafin a taɓa injin. Sabon nauyin tona masa asiri kawai ya yi.

Ga abin da nake yi. A ajiye mota a dabe mai daidai, iskar taya daidai. A auna daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi, hagu da dama, a rubuta. Daga taya ko ƙasa ba a aunawa, iska tana ruɗa lissafi. Sannan a buɗe bonet, a gicciya katako a kan wuraren da shakazoba ke ɗaure, a ɗora buhun shinkafa mai kilo 50, a girgiza motar, a sake awo. Nan za ka ga santimita nawa kilo 50 ke saukar da gabanka. In buhu guda ya saukar da ita kaɗan, amma ita ta durƙusa ninki uku na haka, to ba nauyin inji ne kaɗai ba.

Gaban 504 sifirin ɗin a jikin shakazoba yake, a naɗe da shi. Ka sa a wanke laka a duba zagayen ƙasa, can yake karyewa a ɓoye.

Mai 280E, Argungu:
Ni akasin naka ne ya same ni. Mercedes 280E ce, mai filogi shida, tana shan mai kamar rairayi na shan ruwa. Na sa mata inji mai filogi huɗu. Gaba ya yi sauƙi ya tashi sama, tayoyin gaba suka fara cinyewa ta gefen waje. Wani yaro a gareji ya ce a yanke zagaye ɗaya. Aka yanke. Ta sauka, har ta wuce inda nake so, kuma ta yi tauri. Daga baya na gano ashe Mercedes ɗin nan akwai roba a saman sifirin mai kauri hawa huɗu, daga milimita 8 zuwa 23, ana gane su da ɗigon da ke gefensu. Tawa mai kaurin ce a ciki. Da siririyar na sa, wataƙila da ban taɓa zarto ba. Na ƙare da sayen sifirin na Mercedes 230 guda biyu.

Abu guda kuma don Allah: kada a bari yara su cire sifirin ba tare da abin matse shi ba. A gabana ɗaya ya kuɓuce, ya huda kwanon rumfa.

Malamin fasaha, Zuru:
Abin da ya sa naka ya yi tauri, Malam na Argungu, lissafi ne. Sifirin sanda ce ta ƙarfe da aka naɗe, tana murɗewa in an danna. Doguwar sanda ta fi gajeriya saurin murɗuwa, don haka rage zagaye ƙara tauri ne. Mai zagaye takwas masu aiki in ka cire ɗaya, taurinsa ya ƙaru da kashi ɗaya cikin bakwai. Amma kaurin ƙarfen ne babba. Daga milimita 13 zuwa 14, ido ba zai ga bambanci ba, alhali taurin ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Shi ya sa zaɓe da ido a Panteka ko Ƙofar Ruwa caca ne. Ka tafi da ma'aunin kauri, ka auna ƙarfen, ka ƙirga zagaye, ka auna tsawo da faɗi. In ragowar fentin da kamfani ke ɗiga wa sifirin yana nan, ka tabbata launi ɗaya ne a duka biyun.

Ita kuwa roba tsayi take ƙarawa, ba ta ƙara ƙarfi. In sifirin ɗinka lafiyayye ne kuma santimita ɗaya kake nema, ta wadatar. In ya gaji, za ta ɗaga motar amma ƙum ɗin na nan.

Ɗan Bunza:
Nawa mai walda ne ya gasa shi wai don ya buɗe zagayen. Sati biyu ya kwanta gaba ɗaya. Wuta na kashe ƙarfen, ba ya dawowa.

Bakanike, Birnin Kebbi:
Malam na Zuru ya gama magana. Ƙari biyu. Ba a canza gefe ɗaya. Kuma in an gama, kada a ɗaure notin bushin ɗin ƙasa mota na rataye a jak, a sauke ta ta zauna da nauyinta tukuna, in ba haka ba robar na murɗe, wata kaɗan ta yage. Sai alaimen, sai saitin fitila.

Mai 504, Jega:
Na dawo da labari. Buhun shinkafa ya saukar da ita santimita ɗaya da ɗan wani abu. Gefen direba kuma ya fi ɗayan sauka da santimita biyu tun kafin buhun. Da aka wanke, Oga, kamar kana wurin: zagayen ƙasa a karye, tsatsa ta rufe bakin karayar, ta daɗe. Shakazoba ɗaya ma babu mai a ciki. Wanda ya sayar mini da injin na koma wa, ya samo mini sifirin biyu na salun mai dizal, na sa aka auna su a gabana, na haɗa da shakazoba biyu. Jiya na je Birnin Kebbi na dawo, taya ba ta taɓa madigadi ba ko sau ɗaya. Sitiyari dai ya fi da nauyi in ina fakin.

Tsohon direba, Yawuri:
Wannan nauyin injin ne bisa taya, ɗana, sifirin bai da laihi. Ƙara wa tayoyin gaba iska kaɗan ka gani. In kuma ka biyo ta Yawuri ka tsaya in ji kukan injin nan.