Fansar bashin Help to Buy: wa zai yi wa gidan kuɗi, kuma yaushe?

Baban Ilham:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce ga waɗanda suka san kan bashin Help to Buy na Ingila, wato rancen da gwamnati ta ba masu sayen sabon gida don su cika kuɗin saye. Gida ne mai ɗaki uku a gefen Leeds, sabon gini, an saye shi fam 240,000 a 2020. Gwamnati ta zuba kashi 20 cikin 100, wato 48,000, banki ya ba da 180,000, sauran 12,000 kuɗin hannu ne. Shekaru biyar ɗin da ba a biyan ruwa sun zo ƙarshe, ana so a ƙaro bashi daga banki a sallami gwamnati gaba ɗaya.

Bankin ya ce zai turo mai kimantawa nasa. Shin takardarsa ta isa a miƙa, ko dole sai an sake biyan wani? Akwai kuma dillalin gidaje da ya zo ya duba kyauta, ya ce gidan zai kai 285,000. Da wanne za a yi lissafi? Kuma da me ake farawa, banki, lauya ko kimantawar?

Hajiya Maman Sadiq:

Wa alaikumus salam Baban Ilham. Fara cire 48,000 daga ranka. Kaso gwamnati take bin ka, ba adadi ba. Kashi 20 na darajar gidan take da shi, a kan darajarsa ta ranar fansa. In aka yi masa kuɗi 280,000, za ka biya 56,000. In ya faɗi zuwa 220,000, 44,000 za ka biya, ita ma ta sha asarar tare da kai. Kowane fam 10,000 da ya hau a takardar kimantawa, fam 2,000 ne daga aljihunka. Mutanen Landan da suka karɓi kashi 40 kuwa, 4,000 ne.

Takardar banki ba ta shiga, ta dillali ma haka. Ta banki don amfanin bankin aka yi ta, wani lokacin ko ƙofar gidan ba sa takawa, daga kwamfuta ake fitar da ita. Shi kuma dillali talla yake nema, in ya ɗaga farashi ne zai samu ka ba shi gidan ya sayar. Homes England, hukumar gwamnati wadda ita ce mai bashin, tana son rahoto daga mai kimantawa da ke da rajista da RICS, ƙungiyar ƙwararrun masu kimanta gidaje da filaye, kuma kai za ka nemo shi ka biya shi. Ka nemi mai MRICS ko FRICS a bayan sunansa, wato alamar cikakken ɗan ƙungiyar, ka kuma duba sunan a shafin RICS kafin ka ba shi ko kwabo. Kada ya zama yana aiki da kamfanin dillancin gidaje, kada ya zama ɗan'uwanka ko wani sananne naka. Wannan na ƙarshen a kula da shi, don mu da an ce ana neman ma'aikaci sai a ce ai akwai wane a masallacinmu. A nan sanayya ɓata takarda take yi.

Dole ya shigo cikin gidan da ƙafarsa ya duba. A rahoton zai kawo aƙalla gidaje uku da aka riga aka sayar, da farashin da aka sayar da su, masu kama da naka a iri da girma da shekaru, cikin mil biyu daga gidan, kuma cinikin bai wuce wata 12 ba. Rahoton ya kasance a kan takarda mai tambarin kamfaninsa, da sa hannu da kwanan wata, an rubuta shi zuwa ga Homes England, a PDF. Ba a kan farashi kaɗai ake dawo da rahoto ba. Ko dai an rubuta sunan mai gida a inda ya kamata a sa Homes England, ko babu sa hannu, ko an kwatanta gida mai tsayuwa shi kaɗai da wanda ya haɗa bango da maƙwabci. Tun a waya ka ce masa na fansar Help to Buy kake so, ka tambaye shi ko ya saba yin irinsa. Kuɗin aikin 'yan ɗaruruwan fam ne, ya danganta da gari da girman gida, don haka ka tambayi mutum uku kafin ka tsayar da ɗaya.

Injiniya Ɗan Zazzau:

Hajiya ta gama da maganar wanda zai yi. Ni a kan yaushe zan tsaya, don a nan ake yin asarar kuɗi.

Rahoton wata uku yake rayuwa. Kana da kwanaki biyar na aiki daga ranar da aka fitar da shi ka tura wa masu kula da bashin a madadin Homes England. Duk sauran aikin kuma, har zuwa ranar da kuɗi zai bar hannun lauya, cikin wata ukun nan zai shiga. Wanda ya fara da kimantawa kafin ya san ko banki zai ba shi kuɗin, ya kunna agogo tun bai ɗaura takalmi ba.

Ka fara da banki ko dillalin bashin gida, ka samu amincewarsu ta farko a kan adadin da kake nema. Ka duba yarjejeniyarka ta yanzu: in wa'adin tsayayyen ruwanka bai ƙare ba, fita da wuri yana da tara, kuma tarar kan iya cinye duk abin da kake ƙoƙarin tsirarwa. Mutane da yawa sun ɗaure na shekara biyar lokacin saye, sai ƙarewarsa ta zo daidai da fara ruwan gwamnati, to ka auna ranar fansa ta faɗo bayan ranar ƙarewar wa'adin bankin ko da da kwana ɗaya ne. Daga nan ka ɗauki lauya mai aikin cinikin gidaje, ka tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa yin fansar Help to Buy. Sai waɗannan biyun sun zauna sannan ka kira mai kimantawa.

Da rahoto ya fito, ka cike fom ɗin fansa, ka sa sunan lauyanka, ka biya fam 200 na gudanarwa. In akwai bashin ruwa ko na fam ɗaya ɗin nan da ake cira duk wata, ka share shi tukuna, don ba za su motsa ba sai asusun ya zama fes. Za su aiko da takardar fansa mai ɗauke da adadin da za a biya. Lauya ya ba su alkawari a rubuce cewa zai tura kuɗin, su kuma su ba shi takardar izinin kammalawa. Ranar kammalawa banki ya sakar wa lauya kuɗi, lauya ya tura, sannan a cire sunan Homes England daga rajistar gidan a Land Registry, ofishin rajistar gidaje da filaye. Bayan wasu makonni ka nemi lauya ya nuna maka sabuwar takardar rajistar da idonka, ka ga jingina ta biyun, wato ta Homes England, ta fita. In ta kwana a can, ranar da za ka sayar da gidan za ta tare maka hanya.

In wata ukun ya kusa cika ba a gama ba, akwai mafita sau ɗaya: mai kimantawar nan dai, ba wani ba, zai iya sabunta rahoton daga ofishinsa ba tare da ya dawo gidan ba, ya ƙara maka wata uku. Amma cikin mako biyu da mutuwar na farkon ake yin sa. Ya wuce haka, sabon zuwa ne da sabon biya. Kuma sabuntawar ba ta nufin adadi zai tsaya inda yake, in kasuwa ta hau a tsakani zai iya ɗaga shi.

Akwai wani lissafi da ba a cika lura da shi ba. Kimantawa biyu za a yi wa gidan, kuma buƙatarka a kansu ta saɓa. A ta RICS kana fatan adadi ya sauka, a ta banki kana fatan ya hau. Mu ɗauka bashin bankinka ya sauko zuwa 155,000. Ka ɗora 56,000, ya zama 211,000. In banki ya yarda gidan 280,000 ne, bashin ya ɗan haura kashi 75 na darajarsa, kuma bankuna a kan irin waɗannan matakai suke yanka ruwa: 75, 80, 85. Fam 1,000 daga aljihunka zai mayar da shi 210,000, kashi 75 cif, ka faɗa mataki mai sauƙi. Amma in bankin ya ce shi 265,000 ya gani, kana dab da kashi 80 ke nan, alhali gwamnati na nan a kan 56,000 ɗinta, don ba ta duba takardar banki. Saboda haka kada ka tsara kuɗinka a kan bakin mataki, ka bar 'yan dubbai a gefe.

Abu Fatima:

To tunda ƙasa ake so ta RICS ta yi, ba sai a bar gidan a hargitse ranar da zai zo ba? Kada a yanke ciyawa, kada a yi fenti. Ko kuma a gaya masa adadin da ake so tun farko.

Hajiya Maman Sadiq:

Abu Fatima, kwanukan da ba a wanke ba ba sa rage ko fam ɗaya. Mutumin nan ba mai saye ba ne da zai ga datti ransa ya ɓaci. Awo yake yi, ya ƙirga ɗakuna, ya duba wurin ajiye mota da girman fili, sannan ya koma kan cinikin da aka yi a unguwar. Gaya masa adadi kuwa, rajistarsa ce a kan layi, mai hankali ba zai saurare ka ba. Su ma masu karɓar rahoton suna da ido, in adadi ya yi nisa da cinikin unguwa za su tambayi dalili, ka rasa makonni a banza.

Abin da ya halatta, kuma yake aiki, shi ne hujja. Farashin da aka sayar da kowane gida a Ingila yana buɗe kyauta a bayanan Land Registry, shafukan tallan gidaje na Rightmove da Zoopla ma suna nuna shi. Ka nemo cinikin da aka kammala a rukunin gidajenku, irin naka sak. Farashin da aka liƙa a talla ba ciniki ba ne, buri ne, kuma 285,000 ɗin dillali daga irinsa ya fito. Ka lura kuma da sababbin gidajen da magini ke sayarwa a sashen da ake kan ginawa: farashinsu na ɗauke da tsadar sabunta, wani lokacin har da kafet da kayan kicin da aka haɗa a ciki. Gidan da aka zauna shekara biyar ba sa'ansu ba ne, in ka ga ya jingina da su kaɗai kana da damar tambaya. In akwai aibi na gaskiya, tsagewar bango, danshi, rufi mai yoyo, ka nuna masa, in da takardar ƙiyasin gyara ka ba shi. Ka karanta rahoton tsaf kafin ka tura. Kuskuren ɗaki huɗu a maimakon uku, ko gareji da babu shi, a hannunsa ake gyarawa cikin kwana ɗaya. Bayan ya shiga hannun masu bashin, gyaran ya zama doguwar magana.

Gyaran da aka yi wa gida shi ma yana shiga lissafi. Sabon kicin, shimfiɗar dutse a tsakar gida, duk abin da ya ɗaga daraja, gwamnati na da kashi 20 a ciki ko da ba ta sa sisi ba. Ƙarin gini kuma ba a yarda da shi sai da izini, izinin ma sai da dalilin rashin lafiya ko naƙasa. Wanda ke da niyyar faɗaɗa gida, ya fanshe tukuna.

Malam Na Bradford:

Ƙari kaɗan a kan abin da Hajiya da Injiniya suka kawo.

In 56,000 ta yi nauyi a tashi ɗaya, ana biyan rabi. Mafi ƙanƙantar abin da ake karɓa shi ne kashi 10 na darajar gidan ta yanzu, wato 28,000 a lissafin nan, sai kason gwamnati ya koma kashi 10. Sai dai kowane biya yana buƙatar rahotonsa da lauyansa da kuɗin gudanarwarsa, ka ga biya biyu kashe kuɗi biyu ne.

Ruwan da ake gudu, a shekara ta shida kashi 1.75 ne na asalin abin da aka ranta, ba na sabuwar daraja ba. A kan 48,000 fam 840 ne a shekara, 70 a wata. Duk Afrilu yana ƙaruwa: ga waɗanda suka shiga tsarin 2013 zuwa 2021, kamar Baban Ilham, da ma'aunin hauhawar farashi na RPI da ƙarin kashi 1, ga 'yan tsarin 2021 zuwa 2023 kuma da wani ma'aunin mai suna CPI da ƙarin kashi 2. Ƙarin a kan shi 1.75 ɗin ake ɗora shi, shi ya sa hawan ba ya da gudu a farkon shekaru. Ko nawa ka biya na ruwa ba ya taɓa uwar kuɗin. In lissafin kuɗi zalla ake yi, ruwan banki a kan 56,000 zai iya fin wannan tsada nesa ba kusa ba, ribar fansa ita ce ka tsayar da kason gwamnati kada ya ci gaba da girma tare da gidan. Wanda kuma damuwarsa riba ce ta fuskar addini, ya sani ƙaro bashin banki sauya mai karɓa ne kawai, wannan sai ya zauna da malami.

In wani ɓangare na kuɗin daga gida Najeriya ko Nijar zai zo, ko daga adashe, ka gaya wa lauya tun ranar farko. Doka ta ɗora masa binciken asalin kuɗi. Zai nemi takardun banki na watanni, shaidar sayar da fili in fili aka sayar, katin shaidar wanda ya turo, da takardar cewa kyauta ce ba rance ba. Kuɗin adashe da ya shigo asusu daga mutum goma ba tare da rubutu ba yana iya tsayar da aiki makonni, agogon wata uku kuma yana tafiya.

Masu fulat a dogayen benaye, naku daban ne. Tun bayan gobarar dogon benen Grenfell na Landan a 2017, ginin da aka lulluɓe bangonsa na waje da fallaye yana iya buƙatar fom ɗin EWS1, na binciken haɗarin gobara a bangon waje, da mai kimantawa na musamman, don haka ku tuntuɓi masu kula da bashin kafin ku biya kowa. Wanda zai sayar ne ba fansa ba, da mafi girma tsakanin kuɗin ciniki da adadin rahoto za a yi masa lissafi. Duk wannan na Ingila ne, Wales da Scotland kowacce da nata tsarin.

Baban Ilham:

Allah ya saka da alheri, Hajiya, Injiniya, Malam. An duba takardar banki, wa'adin tsayayyen ruwan sai nan da wata biyar zai ƙare. Ke nan a dakata da kiran mai kimantawa?

Injiniya Ɗan Zazzau:

A dakata. Yanzu ka nemi tayin banki, don yawanci tayinsu kan yi kusan wata shida yana aiki, ka kuma ɗauki lauya ya fara tattara takardu. Mai kimantawa ya zo in ya rage kamar mako takwas zuwa goma wa'adin ya ƙare. Hakan zai ba masu bashin lokacin fitar da takardunsu, ya kuma bar maka 'yan makonni a baya ko da wani abu zai maƙale. Ranar zuwan nasa dai ka kama ta tun yanzu, don a wasu garuruwan sai ka yi mako biyu kana jiran layi.